Ƙofar shiga aikin na'urorin asibiti tana bayan gini, kusa da gidan janareta

Duk shekara idan lokacin SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, ya ƙarato, ɗaliban injiniya 'yan aji huɗu sukan bazama neman inda za su yi wata shidansu. Galibi idonsu yana kan kamfanin mai, ko na sadarwa, ko wata ma'aikata mai sanyi inda za a riƙa sa musu hannu a littafi duk Juma'a ba tare da an tambaye su komai ba. Kaɗan ne ke tuna asibiti. Waɗanda suka tuna ɗin ma, da zarar an nuna musu sashen gyaran na'urori sai jikinsu ya yi sanyi, don yawanci can bayan gini yake, kusa da gidan janareta, an jibge matattun injuna har bakin ƙofa. Ni kuwa a ganina, duk wanda yake son ya ci abinci da fannin na'urorin likitanci a Nijeriya, ko ƙera su yake buri, ko kula da su, ko shiga harkar dokokinsu, wannan ɗakin ya kamata ya nema tun kafin wani ya riga shi. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi zaɓen wurin nauyi: ya fito daga can ya iya awo, ya kuma iya rubuta abin da ya auna.

Shawarwarin da ɗalibi zai tarar a intanet kan wannan fanni, yawancinsu ba don shi aka rubuta ba. An rubuta su ne don wanda ke zaune kusa da Medtronic a Amurka, ko Siemens Healthineers a Jamus, ko Mindray a Sin, ko masana'antun da suka cika birnin Galway na ƙasar Ayalan. A can kamfani yakan ɗauki ɗalibi lokacin dogon hutu, ya biya shi, ya zaunar da shi cikin masu zane ko masu gwaji. Mu nan abin da muke aiki da shi, daga injin wankin ƙoda har ɗan abin da ake maƙala wa yatsa a auna oksijin, kusan duk shigo da shi ake yi. Aikin injiniyan da ke ƙasa shi ne girkawa, gwadawa, koya wa ma'aikatan jinya, kulawa, gyarawa, da bin takardun rajista a NAFDAC. Masu ɗaukar ma'aikata kuwa su ne asibitocin koyarwa, cibiyoyin lafiya na tarayya, manyan asibitocin kuɗi, dillalan da ke wakiltar kamfanonin waje, ƙungiyoyin agaji, da 'yan tsirarun kamfanonin gida masu ƙoƙarin ƙerawa. Dukkansu mutum ɗaya suke cigiya: wanda ya taɓa buɗe na'ura, ya san yadda take mutuwa a ƙurarmu da zafinmu da wutarmu.

Kuma mutuwar tana da yawa. A 2011 Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke suka buga ƙidayar na'urori 112,040 a asibitocin ƙasashe 16 masu tasowa, suka samu kashi 38.3 cikin ɗari ba sa aiki. Shekara guda kafin nan, Malkin da Allison Keane sun bi takardun neman gyara 2,849 daga asibitoci 60 a ƙasashe 11, suka ga kashi 72 cikin ɗari na na'urorin an mayar da su bakin aiki ba tare da an yi odar kayan gyara daga waje ba. Wato abin da ke kashe yawancinsu bai wuce fis da ya ƙone, igiyar wuta da ta karye a ciki, batir da ya kumbura, tiyo mai yoyo, matatar da ta toshe, ko ma'aikacin da ba a taɓa nuna masa yadda ake kunnawa ba. Wannan fili ne da ɗalibi mai wata shida zai iya yin aikin gaske a cikinsa, ba kallo ba.

Ɗauki injin tace oksijin, wanda ma'aikata ke kira kwansantireta. An shigo da su da yawa lokacin korona, kuma da wuya ɗalibi ya yi mako a ɗakin gyara bai ci karo da shi ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Kwamfuresa tana zuƙo iska ta matsa ta cikin tuluna biyu da aka cika da tsakuwar ziyolait, wadda ke riƙe naitirojin ta bar oksijin ya wuce. Ɗaya yana tacewa, ɗaya yana amayar da abin da ya riƙe, bawul yana sauya su duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wannan sauyin ne ke fitar da hucin da ake ji lokaci-lokaci. Lafiyayyen inji mai lita 5 a minti yana ba da oksijin kashi 90 zuwa 96. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya gaza kashi 82, kuma a nan fitilar gargaɗi ya kamata ta kama.

Idan aka turo shi daga ɗakin yara da takarda an rubuta "ba ya aiki", wanda ya samu horo ba ya fara kwance sukurori. Tambaya yake fara yi: "Sista, me ya yi? Tun yaushe? A wace soket aka jona shi, wutar NEPA ce ko ta janareta?" Sannan ya je ya auna soket ɗin. Inda ya kamata a ga bolt 230 aka ga 170, motar kwamfuresa za ta ja wuta fiye da kima, ta ɗau zafi, makarin zafinta ya yanke ta. Injin lafiyarsa ƙalau, sitabilaiza yake so. Sai soson tare ƙura na jikin akwatin, wanda ake so a wanke duk mako, a hunturu kuwa mako ya yi nisa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a wanke soson a mayar da shi bai bushe ba. Danshin ya bi iska ya shiga ziyolait, ita kuwa idan ta sha ruwa ta tafi ke nan, sai an sauya tulunan. Shi ya sa ake ajiye soso biyu, ɗaya a jiki ɗaya yana shanya, kuma shi ya sa injin da aka kulle a sito duk damina ba a kunna ba yake fitowa a mace ko da sabo ne dal. Haka kwalbar ruwan da oksijin ke ratsawa: a cika ta ta wuce layi, ko a ɗaura murfinta a karkace, iskar ta riƙa tserewa majinyaci bai samu ba. Injin da aka manna wa bango shi ma shaƙewa yake yi, ana so a bar masa aƙalla santimita 30.

Bayan an kawar da waɗannan sai a kunna shi ya yi kamar minti 15, a ɗora ma'aunin oksijin a bakinsa, a karanta a lita 2 sannan a lita 5. Idan ya ba da kashi 93 a lita 2 ya faɗo 75 a lita 5, an san inda za a dosa: ko wani tiyo yana yoyo a ciki, wanda kumfar sabulu ke tonawa, ko robobin kwamfuresa sun cinye ba ta kai matsin da littafin kamfani ya faɗa ba, ko tulunan sun gaji. Idan mota tana gurnani ta ƙi tashi, kafasita, ɗan abin da ke tara wuta ya taimaka mata tashi, ake fara zargi. Akwai kuma wanda aka kawo kyauta daga Amurka, an gina shi don bolt 120 da wuta mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. Taransifoma za ta sauko masa da bolt, amma ba ta iya taɓa juyin wutarmu da ke kan 50. Motar za ta yi ƙasa da gudunta da kusan kashi 17, ta riƙa zafi, oksijin ya ragu, a yi ta ɗora laifi a kan mai gyara. Ɗalibin da ya bi wannan layi da hannunsa ya karanta lantarki da injin iska da halin ɗan Adam a na'ura guda, kuma ya fara gane abin da mai zanen da ke zaune a ƙasar sanyi bai yi tunani a kai ba.

Yanzu ga sharaɗin. Mai gyaran rediyo, da zarar ta yi magana ya gama, sai ya miƙa hannu a biya shi. Na'urar asibiti kuwa tana iya kamawa, fitilu su haska, ƙararta ta fito daidai, alhali tana cutar da wanda aka jona mata. Kwansantireta mai ba da kashi 60 tana kumfa a kwalba daidai da mai ba da 95, uwa tana kallo hankalinta kwance. Fitilar da ake kwantar da jariri mai shawara a ƙarƙashinta ma haka. Shuɗin haske mai zango tsakanin nanomita 460 da 490 shi ke aikin, kuma sai ƙarfinsa ya kai maikrowat 30 a kowace santimita murabba'i a kowace nanomita ake lissafa shi cikakken magani. Dogon ƙwan fitila yana ci gaba da haskawa bayan ƙarfinsa ya zube, ido ba ya ganewa. Wani wurin ma idan ƙwan ya mutu sai a sayo kowane irin mai shuɗi a kasuwa a saka. Jariri yana kwance ana cewa ana magani, shawara tana hawa. Ba a kama wannan sai da ma'aunin haske, ko aƙalla a riƙa rubuta awannin da ƙwan ya yi a sauya shi idan ya cika adadin da kamfani ya gindaya.

Ba kowane awo ne ke buƙatar na'urar miliyoyin naira ba. Famfon ƙarin ruwa, wanda ke tura magani cikin jijiya a ƙididdige, ana iya gwada shi da sikelin dijital mai kyau da agogo. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. A saita shi a mililita 100 a awa, a bar shi ya zuba a kofi na minti 30, a auna: giram 50 ake jira. Yawancin kamfanoni suna alkawarin kuskuren bai wuce kashi 5 ba, don haka duk abin da ya fita daga 47.5 zuwa 52.5 abin bincike ne. Sau da yawa famfon ba shi da laifi, tiyon ne. Shi famfon ba ruwa yake ƙirgawa ba, matsar da yake yi wa tiyo yake ƙirgawa. Idan sito ya sayo tiyon wani kamfani mai araha, kaurinsa ya bambanta, lissafi ya tashi, allon kuma yana nuna 100 babu kunya. A babban mutum mai shan ruwan gishiri ƙila a sha da ƙyar, a bakwaini mai kilo ɗaya da rabi magana ce ta rai. Daga nan a lanƙwashe tiyon a ga ko ƙararrawar toshewa za ta yi kuka, a cire filogi a ga minti nawa batir zai riƙe. Batirin dalma da ke cikin irin waɗannan na'urori, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, ka ga a Sakkwato ko Maiduguri ba a jira shekarun da aka rubuta a takarda.

Awon tsaron wuta shi ne wanda ɗalibi ya kamata ya nace sai ya gani da idonsa. Fatar mutum tana tare wuta, amma majinyacin da aka zura wa waya har zuciya ya rasa wannan kariya. Saboda haka ƙa'idar IEC 60601-1, ta tsaron na'urorin asibiti masu amfani da wuta, ta ce sashen na'urar da ke taɓa zuciya, mai alamar CF, wutar da ke tsiyaya ta cikinsa kada ta wuce maikro'amfiya 10 idan komai lafiya, ko 50 idan abu ɗaya ya lalace. Maikro'amfiya kashi ɗaya ne cikin miliyan na amfiya, wutar da ko a harshe ba za ka ji ba. Ƙa'idar gwajin bayan gyara, IEC 62353, ta ce tsakanin ƙarfen jikin na'ura da ƙafar filogin da ke sauke wuta ƙasa turjiya kada ta haura om 0.3, har da igiyar wutar. To zagaya ɗakunan jinya ka duba filogi. Na'urorin da suka zo daga Jamus da maƙwabtanta filoginsu mai zagaye ne, ƙafa biyu, wayar ƙasan tana a ƙarfen gefe. Mu kuwa soket ɗinmu irin na Ingila ne mai rami uku. Sai a sa murfin biro a danne ramin sama a cusa ƙafafun biyu. Na'ura ta kama, wayar ƙasa kuwa ba ta taɓa komai ba. Gyaran bai wuce yanke kan a sa filogi mai ƙafa uku da fis daidai ƙarfin na'urar ba, ko a sauya igiyar gaba ɗaya. Ɗalibin da ya bi ɗaki ɗaki ya ƙirga irin waɗannan, ya gyara da izinin oga, ya auna, ya rubuta, ya yi wa asibitin aikin da ya fi na wasu 'yan kwangila.

Rubutun nan shi ne inda ɗalibanmu suka fi sakaci. Buɗe logbuk ɗin yawancinsu za ka ga "mun gyara injin tsotsa", "mun zagaya tiyata", mako bayan mako. Wannan ba ya nuna komai. Rubutun mai sana'a yana ɗauke da sunan na'ura, kamfani, samfuri, lambar jiki, ɗakin da ta fito, abin da mai amfani ya ce, abin da aka tarar, awon farko, abin da aka yi, kayan da aka sauya, awon ƙarshe, ma'aunin da aka yi amfani da shi da ranar da aka daidaita shi kansa, da sa hannun wanda ya duba. Yana da gajiyarwa, ban musa ba. Amma wannan gajiyar ita ce masana'antar. Kamfanin ƙera na'urorin likitanci yana tafiya ne a kan ISO 13485, tsarin ingancin da ke cewa a rubuta abin da za a yi, a yi abin da aka rubuta, a ajiye shaida. Da ISO 14971, wadda ke tilasta a zauna a lissafa duk hanyar da na'ura za ta iya cutar da mutum da abin da aka tanada. Turai ta ƙara tsaurara dokarta tun watan Mayun 2021, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma daga Fabrairun 2026 ta ɗora dokar ingancinta a kan ISO 13485 ɗin. Sabon injiniya a waɗannan kamfanoni ba zane ake fara ba shi ba. Gwaji ake ba shi, da rahoton gwaji, da binciken koken da ya zo daga asibitoci.

Koken nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorin taimakon numfashi saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rugurgujewa mai amfani ya shaƙi burbushinsa, kuma zafi da danshi suna hanzarta lalacewar. Irin wannan matsala ba a teburin zane take bayyana ba, wanda ya buɗe na'ura bayan ta shekara tana aiki shi ke ganin baƙin gari a hanyar iska. Idan ya kakkaɓe ya rufe, ilimin ya mutu a nan. Idan ya rubuta da lambar na'ura da kwanan wata ya aika wa dillali da hukuma, ya shiga aikin injiniyan. Mu da muke da zafin da danshin da ƙurar, mu ya kamata a fi jin rahoto daga wajenmu, amma mu ne muka fi kowa shiru.

Don haka ina ba kowane ɗalibi shawarar ya nemi ƙaramin aiki nasa na kansa tun makon farko, wanda zai iya kammalawa a wata shida. Mafi sauƙi kuma mafi amfani shi ne ƙidayar na'urorin sashe guda, a ce ɗakin jarirai ko tiyata: kowace na'ura a manna mata lamba, a shigar da ita a jadawalin kwamfuta, mai aiki ce ko matacciya, me ya kashe ta, me ake buƙata, nawa ne. Daga nan a fitar da jadawalin kulawa, me za a yi duk mako, me duk wata uku, wa zai yi. A ƙarshe a sake ƙirgawa a ga nawa suka tashi. Wanda ya shiga intabiyu da irin wannan takarda a hannu, yana iya cewa ga adadin da ya tarar suna aiki, ga adadin da ya bari, ga abin da ya fi kashe su, ba zai tsaya layi ɗaya da mai takardar shaida kawai ba.

Na san abin da wasu za su ce: shekara biyar ina fama da lissafi don in ƙare da sukundireba a aljihu? Wannan girman kai ya daɗe yana cin mu, har ya raba mai digiri da mai difloma a ɗakin da ya kamata su koya wa juna. A duba waɗanda suka ƙera abin da ya yi amfani a Afirka. Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya lashe kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2023 kan na'urorin taimaka wa jarirai numfashi, ya yi shekaru yana farfaɗo da matattun kwalaben bakwaini a asibitocin ƙasar nan. Arthur Zang na Kamaru, mai Cardiopad, kwamfutar hannu ta awon bugun zuciya, wanda ya ci kyautar injiniya ta Afirka a 2016, daga cuɗanya da likitocin zuciya a Yawunde ya gane matsalar da zai warware. Na'urar Pumani ta numfashin jarirai, ɗaliban Jami'ar Rice ne suka faro ta da famfon tankin kifin ado, tare da likitocin asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi. Babu ɗayansu da ya fara da tambayar me zan ƙera. Sun ga abin da ke mutuwa, da dalilin mutuwarsa, sannan suka zana.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma gaskiya ne: ba kowane ɗakin gyara ne makaranta ba. Akwai inda babu ko maltimita, wato ma'aunin wutar lantarki, mai aiki, babu littafin kamfani ko ɗaya, oga ba ya zuwa sai ƙarshen wata, ɗalibai kuma aikinsu tura silindar oksijin da sayo abinci. Wata shida a irin wannan wuri asara ce, har ma da cutarwa, don a nan ake koyon ɗaure fis da zaren waya da kashe ƙararrawar da ta dami mutane. Maganin shi ne a je a gani kafin a kai takarda. A tambaya cikin ladabi: wa zai riƙa duba aikina? Akwai takardar aiki da ake cikawa? Wane ma'auni kuke da shi? Kuna fita zagayen kulawa ko sai abu ya mutu? Idan amsoshin ba su gamsar ba, dillalin na'urori mai tawagar gyara ya fi, ko cibiyar wankin ƙoda, ko babban ɗakin gwaje-gwaje. Wajen dillali ɗalibi zai ga girka sabuwar na'ura daga akwati har miƙa ta, zai ga littattafan gyara na asali, sai dai samfuran kamfani ɗaya ko biyu kawai zai sani. Wanda ya samu dama ya raba, wata huɗu a asibiti wata biyu wajen dillali, ya dace. Ɗan difloma da ke da shekara guda cur ta aiki kafin babbar difloma ya fi kowa sarari a nan, haka mai bautar ƙasa da ya nemi a tura shi sashen da ya riga ya sani.

Neman wurin ba ya son jinkiri. Wata uku kafin lokaci a je a gaishe da shugaban sashen gyara, a nuna masa abin da aka iya, sannan a kai takardar makaranta ofishin shugaban asibiti da sanin wanda zai karɓe ta a ƙasa. Ba sai mai karanta injiniyan likitanci ba. Ɗan lantarki, ɗan kanikanci, ɗan kwamfuta, duk akwai gurbinsu, don sababbin na'urori rabinsu manhaja ce da sadarwa. A zo da maltimita na kai, da iya liƙi da dalma, da iya karanta zanen da'irar wuta, da haƙurin karanta littafin Turanci mai shafi ɗari uku. Ɗalibai mata kada su ja baya. A asibitocinmu na Arewa mace mai gyara tana shiga ɗakin haihuwa a kowane lokaci ba sai an tsaya ana gyara labule ba, kuma a can na'urorin suka fi yawan buƙatar hannu.

Akwai iyakokin da ɗalibi ba ya ƙetarawa ko da an ce ya yi. Ba ya mayar da na'ura jikin majinyaci sai wanda ke sama da shi ya duba ya sa hannu. Ba ya buɗe injin tsotsa ko na wankin ƙoda sai an wanke an kashe ƙwayoyin cuta, da safar hannu, kuma ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B tun kafin ya fara. Injin farfaɗo da zuciya yana tara har jul 360 a kafasita, yana iya kashe mutum bayan an cire filogi. Man giris ko mai ba ya kusantar bakin silindar oksijin, gobara ce. Na'urorin hoton ƙashi suna ƙarƙashin hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya, ba wurin gwada basira ba ne. Hoton majinyaci ko allon da ke ɗauke da sunansa ba ya hawa WhatsApp ko Facebook da sunan nuna aiki.

Saura maganar kuɗi, wadda ba na son a lulluɓe. Tun da hukumar ITF mai kula da horon aiki a masana'antu, wadda aka kafa a 1971, ta ɓullo da SIWES a 1973, manufar ita ce ɗalibi ya taɓa injin da makarantarsa ba ta da shi. Alawus ɗin da ake bayarwa bai taka kara ya karya ba, ko kuɗin mota ba ya ɗauka, kuma sau da yawa sai an gama an manta yake fitowa. Sakamakon shi ne ɗan mai hali ke iya zuwa Legas ko Abuja wajen manyan dillalai, ɗan talaka ya nemi inda ya fi kusa da gida ko da babu abin koyo. Asibitin da ɗalibi ya tayar masa da kwansantireta biyar ya ci ribar da ta ninka kuɗin abincin ranarsa, ya kamata ya biya. Jami'o'i su ma su daina tura malamin duba ɗalibi ya zo ya sa hannu a mota ya wuce; ya buɗe logbuk ya nemi lambobi, ya ce a maimaita awo ɗaya a gabansa.

Babban wurin da za a iya juya al'amarin kuwa takardar kwangila ce. Gwamnatocin jihohi da ta tarayya suna sayen na'urori na biliyoyin naira, kuma a lokacin saye ne kaɗai dillali yake sauraron mai saye. A nan ya kamata a rubuta cewa ba a biyan kason ƙarshe sai an miƙa littafin gyara, ba na amfani kawai ba, da lambobin sirrin shiga sashen gyara na manhaja, da kayan sauyawa na shekara biyu, da filogi irin na ƙasar nan, da ma'aunin da ake gwada na'urar da shi. A ƙara layi ɗaya: ranar girkawa da ranar horo, ma'aikatan sashen gyara da ɗaliban da ke wurin su kasance a ɗakin, sunayensu su shiga takardar miƙawa.